Dala 6,000 Kafin a Taka Feda: Nazarin Hawan Keken Pan-Mass Challenge

A watan Janairu ake buɗe rajista, lokacin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe jihar Massachusetts ta Amurka, kekuna suna rataye a gareji babu mai waiwayarsu. Hawan kansa sai ƙarshen makon farko na watan Agusta. Wanda ya shiga shafin masu shirya Pan-Mass Challenge, ko PMC a taƙaice, don ya sa sunansa a tafiyar kwana biyu, ba sai ya kawo shaidar ya taɓa yin doguwar tafiya a keke ba. Lambar katin bashinsa na banki ake karɓa, sannan ya amince da sharaɗi: zai tara wa cibiyar yaƙi da cutar daji ta Dana-Farber da ke Boston aƙalla dala 6,000, adadin da aka tsayar a shekarun nan ga masu kwana biyu, zuwa ranar 1 ga Oktoba. Abin da ya gaza cikawa daga katinsa za a cire. Idan ma wani uzuri ya hana shi fitowa ranar hawa, kuɗin yana nan a wuyansa.

Mutum fiye da 6,000 ke sa hannu a kan irin wannan sharaɗi duk shekara, da yawansu suna ɗokin kada gurbi ya ƙare kafin su samu. A 2024 kaɗai sun miƙa wa cibiyar dala miliyan 75, a shekarar ce kuma jimillar abin da hawan ya tara tun kafuwarsa ta haye dala biliyan 1. Masu kallo daga nesa hotunan keke suke gani, da zufa, da mutane suna tafi a bakin titi. Ni dai a ganina katin nan da aka karɓa a Janairu shi ne ginshiƙin al'amarin, keken kuma shi ke ba mutum fuskar da zai tunkari abokinsa ya ce ba ni.

Asalin abin

Billy Starr, wanda ya kafa PMC, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai mahaifiyarsa Betty ta rasu da sankarar fata, tana da shekara 49. Bai yi nisa da wannan rashi ba cutar ta sake ɗauke masa kawu da wani ɗan'uwa. Shi mutum ne mai son wahalar da jiki, mai tattaki a duwatsu da doguwar tafiya a keke, har yakan tashi da asuba daga wajen Boston ya taka zuwa Provincetown, can ƙarshen tsirin ƙasar Cape Cod, don ya riski jirgin ruwan da zai dawo da shi gida. A 1980 ya tara mahaya 36 da 'yan sa-kai 10, suka tashi daga birnin Springfield da ke yammacin jihar zuwa Provincetown, tafiyar mil 220. An ɓata hanya, abinci ya yanke. Duk da haka sun kai wa Jimmy Fund, asusun da ke tara wa Dana-Farber kuɗi, dala 10,200, wato abin da bai kai dala 300 a kan kowane mahayi ba.

Shi wannan asusu ya girmi hawan da shekara 32, kuma sai an san shi za a gane dalilin da mutanen yankin ba sa jin nauyin buɗe aljihu. A ƙarshen 1947 wani likita a Boston, Sidney Farber, ya fara gwada maganin aminopterin a kan yara masu sankarar jini, cutar da a wancan zamani yaron da ta kama watanni kawai ake ƙirga masa. Cikin yara 16, ciwon ya lafa wa 10 na ɗan lokaci. Ba warkewa suka yi ba, amma duniya ta ga cewa magani na iya tura wannan cuta baya. A watan Mayun 1948 aka watsa wani shirin rediyo daga bakin gadon wani yaro ɗan shekara 12 da ke jinya a hannun Farber, 'yan wasan ƙwallon baseball na ƙungiyar Boston Braves suka shigo ɗakin suna gaishe shi. An sakaya sunansa, aka kira shi Jimmy. Kuɗi suka yi ta kwararowa har sama da dala 200,000. Da Braves suka bar garin a 1953, ƙungiyar Red Sox ta ɗauki asusun ta riƙe har yau. Yaron nan, Einar Gustafson, mutane da yawa sun ɗauka ya daɗe da rasuwa, sai a 1998 ya bayyana da ransa, dattijo mai jikoki. Ya rasu a 2001.

To, Starr bai ƙirƙiri sabuwar gidauniya da zai fara koya wa mutane sunanta ba. Ya jingina da sunan da kowane yaro a Boston ya tashi yana ji a filin wasa. Da ɗan gari akan ci gari.

Wata bakwai na roƙo da atisaye

Daga rajista zuwa hawa mahayi yana da aiki biyu, kuma wanda sabon shiga yake tsoro ba shi ne ya fi wuya ba. Tsoronsa nisan hanya. Sananniyar hanyar PMC, daga garin Sturbridge zuwa Provincetown, an san ta da mil 192, wajen kilomita 309. Ranar farko kaɗai ta kusa kilomita 177, kamar a ce mutum ya tashi daga Kano da asuba a kan keke ya yi la'asar a Katsina, sannan gobe da duhun asuba ya sake hawa ya ƙara wasu kilomita 130 ɗin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanyin Massachusetts ba ya barin mutum ya fita titi sosai sai wajen Afrilu, saboda haka watannin farko a ɗaki ake yinsu, a kan keken motsa jiki ko a ɗaure tayar baya a kan na'ura ana taka feda wuri guda. Da gari ya sake sai a fara fita, ana ƙara nisa mako-mako: kilomita 40, 60, 80, har a kai ga yin sama da 100 a zama ɗaya. Abin da tsofaffin mahaya suka fi nanata wa sababbi shi ne a riƙa hawa Asabar da Lahadi a jere. Ƙafa takan saba da wuri. Mazaunai ne ba sa sabawa, da wuya, da tafin hannu. Mutumin da bai taɓa komawa kan sirdi da jikin jiya ba, bai san abin da ke jiransa ranar Lahadi ba. Shi ya sa ake sayen wando mai soso, a shafa mai a inda fata ke gogayya, a kai keken wurin gwani ya daidaita tsayin sirdi da nisan kai da tsawon mai shi. Bambancin yatsa ɗaya a tsayin sirdi, idan aka maimaita shi a taku dubu goma-goma, shi ne ciwon gwiwa.

Akwai kuma koyon ci. Abin dariya ne a ce baligi yana koyon cin abinci, amma sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce awa biyu na aiki mai ƙarfi. Idan ya ƙare ba a mayar ba, ƙafa takan mutu farat ɗaya, ido ya yi duhu, mutum ya ji ko mil ɗaya ba zai ƙara ba. Dole a ci kafin a ji yunwa, a sha kafin a ji ƙishi, kuma ruwan a haɗa shi da gishiri, domin wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla yana zubar da zufa yini guda, gishirin jininsa na iya faɗuwa har ta kai shi gadon asibiti.

Duk wannan jiki ne, jiki kuwa yana bin horo. Aiki na biyu shi ne ya zauna ya rubuta wa mutanen da ya sani wasiƙa yana neman kuɗinsu. Kowane mahayi yana da shafinsa a intanet, da hotonsa, da labarin wanda yake hawa dominsa: uwa, mata, abokin aiki, ɗan maƙwabci, wani lokaci shi kansa. Yakan tura wa 'yan'uwa, abokan makaranta, abokan ciniki, likitan haƙorinsa, duk wanda ya taɓa ba shi lambar waya. Dala 50 daga nan, 100 daga can. Kafin a haɗa 6,000 da irin wannan sai an taɓa mutum sittin ko ɗari, kuma baɗi su ɗin dai za a koma wa.

A nan keken yake aikinsa. Roƙo yana da nauyi a baki ko'ina a duniya, balle ga ma'aikacin banki ko lauya da bai saba miƙa hannu ba. Amma wanda zai ce “zan taka kilomita 309 a kwana biyu saboda mahaifiyata, ga katina na ajiye jingina, ka taimaka da abin da ya sauwaƙa”, ya riga ya sa nasa a faranti kafin ya miƙo shi. Wanda aka roƙa yana ganin mutumin nan da asuba a titi tun watan Afrilu, ya san ba da baki kawai yake yi ba. Taka feda ba ya ƙara wa asusun ko sisi, kowa ya san haka. Kunyar tambaya yake cirewa daga mai tambaya, ya ɗora kunyar hanawa a kan wanda aka tambaya. Bayan kuɗin mutane sun shigo kuma, babu zancen fasawa don an tashi da ciwon baya ko hadari ya haɗo: kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙaddamar da gidauniya a wajenmu ya san ɗaya fuskar. Mai kuɗi ya karɓi makirufo ya yi alkawarin miliyan kaza, a yi kabbara a yi tafi, bayan wata shida kwamiti yana ta zarya a ƙofar gidansa. PMC ta kashe wannan matsala tun daga tushe. Alkawarin ba a bainar jama'a ake yinsa ba, babu mai tafa maka, amma yana da lamuni. Tun watan Fabrairu masu shiryawa sun san mafi ƙarancin abin da zai shigo a Oktoba.

Asabar

Shekaru da dama Sturbridge ce babbar mafara, sai wata ta biyu a kwalejin Babson da ke Wellesley, kusa da Boston, ga masu son gajeriyar hanya. Ranar Juma'a ake isowa, a karɓi riga da lamba, a miƙa jakar kaya ga manyan motocin da za su kai ta masauki. Ƙarfe 5:30 na asubar Asabar ake tashi, dubban kekuna a jere, kowa da hular kwano, kusan kowa da riga iri ɗaya ta wannan shekara. Ba tsere ba ne, babu kofi, babu wanda ake rubuta wa na ɗaya.

Kilomita 60 ko 70 na farko su ne masu tudu, kuma a nan sabon shiga yake yin kuskuren da zai biya da yamma. Jiki da ƙarfi, gari da sanyi, jama'a suna ihu, sai ya bi sawun waɗanda suka fi shi. Wanda ya san hanya yakan sauke giya ya bar su su wuce. Hawa cikin taro ma fasaha ce ta daban: wanda ya laɓe a bayan wani, iska ba ta dukansa, yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, amma tayarsa tana tazarar taku ɗaya da ta gaba, idan na gaba ya taka birki ba sanarwa mutum biyar na iya zubewa. Shi ya sa ake ta kiraye-kiraye a hanya, ana nuna rami da hannu, ana faɗin mota na tafe, ana faɗin za a tsaya.

Duk bayan kilomita 30 ko 40 akwai zango: Whitinsville, Franklin, sai Dighton-Rehoboth inda ake cin abincin rana, sannan Lakeville da Wareham. A kowanne akwai ruwa, ayaba, burodi da tunkuzar gyaɗa, ma'aikatan jinya, da makanikai masu faci da gyaran sarƙa kyauta. 'Yan sa-kai sama da 3,000 ke riƙe da wannan duka, wasunsu shekara ashirin suna yanka ayaba a zango ɗaya. A garin Wrentham akwai wani layi, Cherry Street, da mazaunansa suka mayar da ranar tamkar sallarsu, su ƙawata titi su fito da kaɗe-kaɗe.

Zangon Lakeville ya bambanta da sauran. Kafin a isa, an jera manyan hotunan yara a gefen titi, yaran da ke jinya a asibitin Jimmy Fund. PMC tana haɗa ƙungiyoyin mahaya da irin waɗannan yara, kowace ƙungiya da nata, kuma a nan ake haɗuwa da su da iyayensu a ƙarƙashin rumfa. An ajiye wannan zango wajen kilomita 135 daga Sturbridge, daidai inda rana ta take, ƙafa ta fara gardama, mutum ya fara tambayar kansa wa ya aike shi. Ko da gangan aka zaɓi wurin ko dacewa ce, yana aikinsa. Mai kukan ciwon cinya ya ga yaro ɗan shekara biyar da kansa babu gashi saboda magani yana miƙa masa hannu, sai ya haɗiye kukansa ya koma kan sirdi. Wani zai ce ana taɓa zuciyar mutane da yara marasa lafiya don a tara kuɗi, kuma maganar ba ta rasa tushe ba. Tun daga Jimmy na 1948 haka asusun yake tafiya. Abin da za a ce kawai shi ne sankarar jinin da ke kashe kusan duk yaron da ta kama a zamanin Farber, yau a ƙasashe masu hali kusan tara cikin goma na masu nau'in da ya fi yawa suna tsira, kuma da irin wannan kuɗi aka yi wani ɓangare na binciken.

Cikin mahayan da 'yan sa-kan akwai ɗaruruwa da su kansu sun yi jinyar cutar ko suna kan yi. Sukan taru a ɗauke su hoto guda ranar Asabar da yamma. John Kerry, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, wanda aka yi wa aikin sankarar prostate, wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar maza, a 2003, ya sha hawa tare da su.

Yanayi ba ya tambayar kowa. Agustan Massachusetts zafi ne mai gumi, amma a 2014 ruwa aka wuni ana shekawa ranar Asabar da sanyi mai shiga ƙashi, mutane suna karkarwa a zango cikin rigunan da aka ɗinka don zafi. A shekarar an tara dala miliyan 41, sama da ta gabanta.

Masauki shi ne makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa ta jihar da ke Bourne, a bakin mashigin Cape Cod. A yi wanka, a ci, masu tausa su murza wa mutum ƙafa, sannan a kwanta a ɗakunan ɗalibai, ko a tanti a fili, wasu ma a cikin jirgin ruwan da makarantar ke koyarwa da shi. Manajan kamfani da malamin firamare a gado mai hawa biyu, kowa yana jin minsharin kowa.

Lahadi

Wajen ƙarfe 4 ake tashi. Minti goma na farko a kan sirdi su ne mafi muni a tafiyar duka, har jiki ya yi ɗumi ya haƙura. Da duhu-duhu ake haye gadar Bourne, wadda aka gina a 1935, a gangara a bi gefen mashigin ruwa rana tana fitowa. Daga nan sai wani titi mai hawa da sauka kamar bayan raƙumi har Barnstable, sai Brewster, sai Wellfleet. Mai kallon taswira zai ɗauka Cape Cod shimfiɗaɗɗiya ce tunda yashi ce da teku. Tuddan Truro suna jiran sa a kilomita 30 na ƙarshe, ga iskar teku da takan bugo ta gaba, babu itacen da zai tare ta. Masu ƙarfi sukan isa Provincetown tun hantsi, na baya sai bayan azahar. Daga can mafi yawa jirgin ruwa suke bi su koma Boston, kekuna kuma a loda su a mota.

Ina kuɗin ke zuwa

Tun 2007 PMC take cewa duk dalar da mahayi ya tara, ɗari bisa ɗari, tana isa Dana-Farber. Maganar gaskiya ce, amma tana son bayani, domin ciyar da mutum dubu shida kwana biyu, da motocin kaya, da tantuna, da inshora, da albashin ma'aikatan dindindin, ba iska ke biyansu ba. Asusu biyu aka raba. Gudummawar jama'a tana shiga ɗaya ba a taɓa ta. Hidima kuma ana biyanta daga ɗayan: kuɗin rajistar da mahayi ke biya daga aljihunsa ban da dala 6,000 ɗin, da tallafin kamfanoni da gidauniyoyi irin ta Red Sox, da kayan da ake bayarwa kyauta, abinci, abin sha, motoci. Sai gumin 'yan sa-kai da ba a sa masa farashi. Hidimar tana nan da tsadarta, an dai nemo wanda zai ɗauke ta don kada ta hau kan mai ba da dala 50. Amfanin wannan ga mahayi babba ne, domin tambayar farko da mai bayarwa ke yi ita ce nawa zai kai ga marasa lafiya, shi kuma yana da amsa ta kalma ɗaya.

Abin da ya faru a ɗaya gefen Amurka ya nuna nauyin wannan tambaya. A 1994 Dan Pallotta ya fara hawan kwana bakwai daga San Francisco zuwa Los Angeles don masu cutar ƙanjamau, kamfaninsa mai neman riba ne ke shiryawa, kuma ya yaɗa irinsa zuwa wasu birane. An tara kuɗi masu yawa, amma aka yi ta ƙorafi a jaridu cewa a wasu hawan abin da ke isa ga ƙungiyoyin jinya bai taka kara ya karya ba idan aka cire hidima. A 2002 kamfanin ya rufe. Hawan da ya gaje shi a California, AIDS/LifeCycle, mai mil 545, ya yi shekara fiye da ashirin ya tara sama da dala miliyan 300, sannan masu shi suka sanar cewa na 2025 shi ne na ƙarshe, saboda tsadar shiryawa ta haura, mahaya kuma sun ragu tun bayan korona. Kwana bakwai yana nufin a kafa gari na tantuna a rushe shi sau shida, mahayi kuma ya nemi hutun mako guda a wurin aiki. PMC kwana biyu ce, Asabar da Lahadi, dare ɗaya a makarantar da gininta yana nan tsaye. Ta isa ta wahalar da mutum har ya sami bakin roƙo, ba ta kai ta cinye abin da aka roƙo ba. Ina ganin wannan ma'auni yana cikin manyan dalilan da ɗaya ta rayu ɗaya ta kwanta, ko da yake cutar daji ta fi ƙanjamau shiga kowane gida a Amurkar yau, wannan ma dalili ne.

Lissafin shekaru yana da abin faɗa. Sai da aka yi hawan karo na 36, a 2015, kafin jimillarsa ta kai dala miliyan 500. Rabin biliyan na biyu a shekara tara aka tara shi. Yawan mahaya bai ninka ba a wannan tsakani, titi da masauki suna da iyaka. Abin da kowane mahayi ke kawowa ne ya ƙaru. Idan aka raba miliyan 75 na 2024 a kan masu hawa, kowanne ya haura dala 10,000, kusan ninki biyu na abin da aka wajabta. Mahayin da ya shekara goma sha biyar yana dawowa yana da jerin masu ba shi da suka saba, sun sa shi a kasafinsu kamar kuɗin wuta. Dokar harajin Amurka tana rage wa mai bayarwa nauyi, kamfanoni da yawa kuma suna ninka abin da ma'aikacinsu ya bayar.

Shekarar 2020 ta zama gwajin da babu wanda zai shirya da gangan. Korona ta hana taro, babu Sturbridge, babu gadar Bourne, babu Lakeville, aka ce kowa ya hau a unguwarsu ko a ɗakinsa. An tara dala miliyan 50, a kan miliyan 63 na 2019. Wato kusan kashi huɗu cikin biyar na kuɗin sun zo ba tare da bikin ba, domin tsakanin mahayi da mutanensa suke. Da za a tsaya nan sai a ce to a daina wahalar da kai, a riƙa aika wasiƙa kawai. Amma waɗanda suka bayar a 2020 sun bayar ne ga mutumin da suka shekara suna gani yana dawowa daga Provincetown da ƙonannen wuya. Tsohon bashi ne ake biya. Da aka koma titi kuɗin suka ci gaba da hawa: miliyan 64 a 2021, 69 a 2022, 72 a 2023.

Ga Dana-Farber, PMC ce ke kawo fiye da rabin abin da Jimmy Fund ke samu a shekara. Mahayi ko ƙungiya na iya cewa a kai nasu ga binciken wani nau'in cutar ko ɗakin gwajin wani likita, saura kuma cibiyar ta sa inda ta ga dama. Masu bincike suna son irin wannan kuɗi, domin tallafin gwamnati yakan bi aikin da ya riga ya nuna alama, sabon tunani kuwa sai an sami wanda zai yi kasadar farko.

Wanda aka bari a baya

Sharaɗin da ya sa tsarin ke aiki shi ne kuma yake tace masu shiga. Kafin mutum ya ajiye katinsa a kan dala 6,000 sai ya kasance ko dai yana da su, ko ya san mutum ɗari masu rarar dala 60. Ga keke mai kyau da ba ya kasa dala 1,000, ga takalmi da hula da wando, ga Asabar da Lahadi na wata huɗu da mai aikin kwana-kwana ko mai shago ba shi da su. Direban bas da cutar ta ɗauke wa mata yana da dalilin hawa daidai da na lauya, amma abokansa direbobi ne. Masu shiryawa sun buɗe gajerun hanyoyi na yini ɗaya masu ƙaramin sharaɗi, da hawan yara a unguwanni, da damar mutum ya tara kuɗi ba tare da ya hau ba. Hakan ya rage, bai kawar ba. Babbar hanyar kwana biyu har yanzu ta masu hali ce da masu abokai masu hali, a ɗaya daga jihohin da suka fi arziki a Amurka, kuɗin kuma suna tafiya cibiyar da take cikin mafiya ƙarfi a duniya tun asali. Ƙaramin asibitin karkara da ke fama da masu cutar nan ba shi da Red Sox, ba shi da Jimmy.

Shi kuwa mahayin da ya sauka daga jirgin ruwa a Boston ranar Lahadi da yamma, yana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya, aikinsa bai ƙare ba. Da sauran kusan wata biyu kafin 1 ga Oktoba, kuma makon da ke biye da hawan yana cikin lokutan da kuɗi suka fi shigowa. Ranar Litinin zai zauna a kan matashi mai laushi, ya tura hotonsa na Provincetown ga duk wanda ya ce “zan duba” a watan Mayu.